Abin Da Na Faɗa A Kan Malam Altine Ranar Addu'ar Arba'in

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa ga mai kula da wannan shafi, da dukan masu karatu manya da ƙanana, tare da fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Shekaruna saba'in da uku a duniya, abin da zan ba ku labari kuwa yau wata goma sha ɗaya ke nan da aukuwarsa. Ina roƙonku don girman Allah ku sakaya sunana, ku kuma daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Na san da yawanku na yi jika da ku, ban kuwa taɓa zaton akwai ranar da zan shimfiɗa asirina gaban waɗanda ban sani ba. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Sunayen da zan ambata duk na aro ne.

Ni mutumin Sakkwato ne, haifaffen Ƙofar Rini, mai sayar da yadi kamar yadda mahaifina ya yi. Ba a san ni da dukiya ba, amma an san ni da magana ɗaya. Shekara da shekaru ni ake kira shaidar ɗaurin aure, ni ake kira sulhun 'yan'uwa, ni ake zaunarwa wurin rabon gado. In gardama ta yi tsawo a kasuwa sai wani ya ce a je a tambayi Alhaji, in na ce haka ne, to magana ta ƙare. Ban faɗi wannan don alfahari ba. Na faɗa ne don ku gane irin makamin da na riƙe a hannuna, da kuma wanda na sara da shi.

Shekara goma sha tara da suka wuce aka sayar da gidanmu na gado, kowa ya karɓi rabonsa. Nawa rabon ya tafi a shago da aurar da 'ya'ya, sai na wayi gari ina neman gidan haya da furfura a gemu. Yaran yanzu ba za su ga abin kunya a nan ba, amma mu a zamaninmu, magidanci ɗan asalin gari ya zauna gidan haya, abu ne da ake faɗi da raɗa. A cikin wannan hali aka haɗa ni da wani dillalin gidaje da zan kira Malam Altine, siririn mutum mai yawan raha, wanda na girme shi da kamar shekara biyar. Shi ya samo mini gida a Runjin Sambo, ɗaki huɗu da zaure, mallakar wani bafataken shanu da na daɗe da sani, Alhaji Modi, wanda ya damƙa wa Altine amanar gidajensa duka, shi ke zuba 'yan haya, shi ke karɓar kuɗi, shi ke kula da gyara.

Ku ji yadda mutumin nan ya riƙe ni. Bai taɓa sallama a ƙofata da littafin rasit a hannu ba. In shekara ta zagayo sai ya zo bayan La'asar kamar mai ziyara, mu zauna a zaure, a kawo fura, mu taɓa hirar gari. Ni kuwa tun kafin ya iso na riga na sa ambulan a ƙarƙashin buzun da zai zauna. Sai in tashi in shiga ciki kamar zan sa a ƙaro ruwa, in na dawo ambulan ya tafi, rasit yana wurinsa. Shekara goma sha takwas kuɗi bai taɓa fita daga hannuna zuwa nasa ido na ganin ido ba. Har maƙwabta suka ɗauka sayen gidan na yi, ni kuma ban gyara musu ba. Wata rana a ƙofar masallaci wani ya matsa masa da tambayar nawa Alhaji ya sayi gidan, sai ya yi dariya ya ce, "Ni dillali na, ba maroƙi ba. Ba ni shelar cinikin mutane." To ku gaya mini, wanda ya rufa maka asiri irin wannan, da me ya kamata ka saka masa?

Bara Allah Ya yi wa Alhaji Modi rasuwa. Bayan kamar mako uku Altine ya zo, ya zauna yana kallon ƙasa, ya ce magada sun ce kowane ɗan haya a sake rubuta masa sabuwar yarjejeniya da sunansu, kuma a al'adar sana'arsu in an sake takarda, la'adar dillali tana hawa kan mutum sabuwa, kamar yau ya shigo gidan. Ya faɗa da nauyin baki, kamar shi ne mai laifi. A lokacin nan uwargidana Hajiya tana kwance da ciwon ƙoda, duk mako sai an kai ta wankin ƙoda asibiti. Shagona kuwa ya zama fanko, 'yan bandiran shadda da suka rage nakan jera su ne a gaba don mai wucewa ya zaci kanta cike take. Kuɗin hayar kansa da ƙyar na harhaɗa. La'ada kam ba ni da ita, ba ni da dalilinta. Me ya hana ni in ce, Altine, bana ba ni da hali? Mutumin da ya san ƙarƙashin buzuna, me ya rage da zan ɓoye masa? Amma sai na gyara zaman hulata na ce, "Wanga ai ba wani abu na ba. Allah shi kai mu." Girman kai rawanin tsiya, in ji mutanen da, ni kuwa ranar nan na naɗa shi har da kunne biyu.

Daga nan na fara saƙa da warwara. Na ce a raina, tunda la'adar ta dillali ce, in na tsallake dillalin na je ga masu gida kai tsaye, ai ta faɗi. Mutane da yawa suna yin haka, ba kuma haramun ba ne in an yi shi a fili. Da a nan na tsaya, da yau ban rubuto muku ba.

Ranar addu'ar arba'in ta marigayi na je gidansa. Aka yi addu'a, aka raba sadaka, jama'a suka fara watsewa. Babban ɗansa Nasiru, ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Arkilla, wanda yanzu shi ne jagoran magada, ya zo ya durƙusa gabana yana godiya. Na riƙe hannunsa na ce ina so in sabunta hayata, amma tsakanina da shi, ba sai an bi ta hannun kowa ba.

Ya ce, "Baba, ai Malam Altine na nan. Shi Alhaji yab bar ma amanar gidajen nan duka."

Na ce, "Na sani. Ni dai na hi son mu yi tsakaninmu."

Ya ɗago ya dube ni. "Lahiya dai, Baba? Ko wani abu yaf faru?"

Jama'a, a nan Allah Ya buɗe mini ƙofa, ni na rufe ta da hannuna. Gaskiyar ba ta da tsawo: matata ba lafiya, ba ni da kuɗin la'ada. Amma na dubi yaron nan, wanda na ci naman sunansa, wanda na sani tun yana yawo ba wando, na ce yanzu shi zan gaya wa na gaza? Shi zai tausaya mini? Sai na yi ajiyar zuciya, na ja carbina, na sassauta murya na ce, "Nasiru, nan wurin addu'a na, ba wurin tona asirin mutane ba. Kai dai ka buɗe idonka bisa dukiyar marayu."

Na ga fuskarsa ta sauya. Sa'an nan ya sake sunkuyar da kai ya ce, "Na gane, Baba. Allah shi saka da alheri." Godiya ya yi mini! Wallahi godiya ya yi mini, har ya raka ni bakin hanya.

A hanya ina ta ba kaina fatawa. Wace kalma ce ƙarya a cikin abin da na faɗa? Ashe ba wurin addu'a ba ne? Ashe ba daidai ba ne a kula da dukiyar marayu? Na ambaci sunan wani? Na ce wani ya ci wani abu? Haka na yi ta lallashin zuciyata, amma ita ta san abin da na aikata. Da wani ɗan tasha ne ya faɗi maganar nan, da Nasiru ya yi dariya ya wuce. Ni na faɗa. Shekara hamsin da na yi ina tara gaskiya, ita na ɗauka gaba ɗaya na ɗora a kan maganar da na san babu komai a cikinta, don ta yi nauyin da za ta danne bawan Allah.

Ba a yi mako biyu ba magada suka karɓe takardun gidajen daga hannun Altine. Sun binciki littafinsa shafi shafi, ba su sami ko ƙwandala da ta ɓata ba. Amma Nasiru ya ce wanda ya iya cin amana ai ba ya barin sawu, kuma shi dattijon da ya ja masa kunne ba mai magana a banza ba ne. Altine ya roƙe shi ya faɗi ko wane ne, ya ƙi, ya ce amana ce. Kun san garinmu, magana ba ta kwana a gida ɗaya. Sauran masu gidajen da ke hannunsa suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa mai daɗi, wannan ya ce ɗansa ya girma zai riƙa kula, wancan ya ce sayarwa zai yi. Dillali ba shi da shago, ba shi da haja, sunansa ne jarinsa. Ni da na yi rayuwata a kasuwa na fi kowa sanin haka. Ni kuwa aka rubuta mini sabuwar takarda, na sa hannu, ban biya la'ada ba, har Nasiru ya rage mini wani abu daga kuɗin hayar, wai tukuicin nasihar da na yi masa. Na karɓa. Wannan ma ku sa a cikin lissafinku in za ku yi mini hukunci, na karɓa.

Altine ya sayar da babur ɗinsa. Yanzu goro da turare yake kasawa a faranti a ƙofar wani masallaci. Wata rana da tsakar rana ina cikin keke na hango shi a gefen titi yana tafiya a ƙasa, farantin a kai, zufa ta jiƙa bayan rigarsa, mutumin da a da manyan gari ke aika mota a ɗauko shi. Mai keken ya ce ko mu rage masa hanya, da wuri a baya. Na ce ya wuce, sauri nake yi. Ina saurin zuwa ina? Wane ne ke jirana?

Bayan wata huɗu Hajiya ta rasu. Abin da Nasiru ya rage mini na haya tuni ya narke a asibiti, bai ƙara mata ko kwana ɗaya ba. Kun san wanda ya riga kowa isowa gidana? Altine. Shi ya tsaya a kan haƙar kabari, shi ya kama gaban makara, shi ya yi kwana uku a zaurena yana cika butoci yana karɓar gaisuwa kamar ɗan'uwana na jini. Mutane suna yi mini ta'aziyya suna ganin hawaye a fuskata, suna cewa Allah sarki, zaman shekara hamsin ba wasa ba. Ba su san hawayen kashi biyu ba ne. Ta tafi ba ta san wanda take aure ba. Har kwana biyu kafin ta cika tana ce mini, "Alhaji, duk wanda yay yi ma Malam Altine wanga sharri, ba shi gamawa lahiya." Na gyara mata matashi na ce ta huta.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Shekara ta kusa zagayowa, hayar ta sake zuwa sabuntawa. Ranar Alhamis ta makon jiya, bayan La'asar, na ji sallamarsa. Ya shigo ya zauna inda ya saba zama. Ya rame har hular ta yi masa yawa, amma rahar tana nan. Ya nuna mini takalminsa da ya huje ya ce, "Alhaji, diba, na samu mai tagogi, iska na shiga ta ko'ina." Na yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba. Sa'an nan ya gyara zama ya ce magada za su taru ranar Asabar mai zuwa a gidan marigayi, su sabunta wa 'yan haya takardu, su kuma tsayar da wanda zai riƙa kula da gidajen. Mahaifiyar Nasiru, wadda ta san Altine tun tana amarya, ta matsa sai an saurare shi. Sun yarda, da sharaɗin ya zo da dattijo ɗaya wanda gari ya yarda da shi, ya shaidi halinsa.

Ya ce, "Na diba Sakkwato duka, gabas da yamma, ban ga wanda za su ji maganarshi kamarka ba. Shekara goma sha tara muna tare. In na taɓa cutar ka da ko kwabo, ka hwaɗi gabansu. In ban yi ba, shi ma ka hwaɗi."

Na kasa haɗa ido da shi. Na ce ai komai ya wuce, ya bar wa Allah.

Ya ce, "Ba gidajen nika so ba, Alhaji. Ƙahwata ma ba ta iya zagayensu yanzu. Sunana nika so a mai da mini kahin in kwanta dama. Kar a wayi gari a nuna jikokina a ce ga jikokin wanda yac ci dukiyar marayu."

Sai ya gaya mini wata takwas ke nan ba ya gaisawa da wani abokin sana'arsa da suka tashi tare, don shi yake zargi. Ya tambaye ni, ni da nake da hangen nesa, wa nake zato? Na ce Allah ne masani. Ya ɗaga hannuwansa biyu a cikin zaurena ya ce shi bai yi wa kowa mugun baki ba, amma Allah Ya isar masa a kan ko wane ne. Na ji bakina ya ce amin. Da zai tafi ya sake tambaya ko zan zo, na ce, "Allah shi kai mu Asabar." Ya ɗauka alkawari ne. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya fita yana sa mini albarka har ya sha kwana.

To ku duba inda na tsaya. In na je na ce Altine mutumin kirki ne, Nasiru yana zaune a wurin, zai dube ni ya ce, Baba, ashe ba kai ne ka ce in buɗe idona ba? Ba ni da hanyar wanke shi sai na tona kaina a gaban magada da sauran 'yan haya. Ranar nan gari zai ji cewa gidan da nake ciki na haya ne, cewa na rasa kuɗin la'ada, cewa na kashe sunan aminina don in ɓoye talaucina. Duk auren da na shaida da duk sulhun da na yi, mutane za su koma suna auna su. Magada kuwa suna da ikon su ce ba za su sabunta mini ba, wa zai ga laifinsu? Ga ɗiyata wadda mijinta ya rasu tana gidan da 'ya'yanta uku, ina zan kai su? Wane dillali ne zai nema mini ɗaki bayan ya ji abin da na yi wa ɗan'uwansa? In kuma na ƙi zuwa, ko na fake da rashin lafiya, kowa zai ce ko Alhaji ma ya ƙi tsaya masa, ashe maganar gaskiya ce. Na sare shi sau biyu ke nan. Na yi tunanin in sami Nasiru a ɓoye in ce kuskure na yi, amma zai tambaye ni kuskuren me, tunda ban taɓa faɗa masa abin da na gani ba. Na yi tunanin in fara zuwa wurin Altine in durƙusa, amma mutumin yana fama da hawan jini, in ya ji daga bakina ya yanke jiki ya faɗi fa? Ko kuwa wannan ma wata fatawar ce nake ba kaina? Na san abin da malamai suka faɗa game da haƙƙin bawa, ni kaina na sha faɗa wa wasu. Ga shi ƙafata ɗaya tana kabari, amma har yanzu kunyar mutane tana kokawa da tsoron Allah a ƙirjina, kuma ina jin kunyar gaya muku cewa ban san wanda zai kayar da wani ba.

Duk watannin nan abu ɗaya nake jingina da shi, cewa daga ni sai Nasiru sai Ubangijinmu. Jiya wannan ma ya rushe. Babban ɗana Bashiru, malamin makaranta, mai 'ya'ya biyar, ya zo gaishe ni da safe. Ya ji Altine yana gaya wa mutane cikin murna cewa Alhaji zai tsaya masa. Wannan ɗan nawa, yana ƙarami na taɓa yi masa bulala har Hajiya ta yi fushi da ni, don ya yi mini ƙarya a kan canjin aike. Ya durƙusa, muka gaisa, ya daɗe bai tashi ba. Can ya ce, idonsa a ƙasa, "Baba, ranar addu'ar Alhaji Modi ina bayanka, ina naɗe tabarmi. Na ji abin da kac ce ma Nasiru. Ban hwaɗa ma kowa ba, ko Inna."

Bai jira amsata ba, ya miƙe, ya sa takalmansa. Da ya kai bakin zaure ya tsaya, bai juyo ba, ya ce, "Ran Asabar in zo in kai ka, ko in bari?"

Har yanzu ban ba shi amsa ba, ga shi saura kwana uku. 'Yan'uwana Musulmi, don Allah ku dube ni da idon rahama ku gaya mini gaskiya. Me zan yi?